Hadarin Gobara: Yadda Hayaƙin Wutar Daji Ke Hawa Sama Ya Taɓa Yanayin Duniya



 

An nemi in yi magana a kan gobarar daji da sauyin yanayi. Abin da kunne ya saba ji shi ne, duniya na ƙara zafi, dazuzzuka na bushewa, saboda haka gobara na ƙaruwa. Wannan gaskiya ne, sai dai rabin zancen ke nan. Ɗaya rabin shi ne abin da ya tara mu yau: gobarar ita ma tana juyowa ta taɓa yanayin. Idan wuta ta kai wani matsayi na ƙarfi, takan haɗa hadari nata na kanta, hadarin ya kinkimi hayaƙi ya kai shi inda ruwan sama ba ya wanke shi, ya zauna can wata da watanni yana aiki. Zan fi tsayawa a kan abin da ya faru a Ostireliya a ƙarshen 2019 da farkon 2020, domin a nan ne masana suka ga lamarin ƙuru-ƙuru, suka kuma auna shi.

Hawa biyu na sararin sama

Kafin mu bi hayaƙin, sai mu san hanyar da zai bi. Ku ɗauki iskar da ta lulluɓe duniya kamar gidan bene. Hawa na farko, wanda masana ke kira turofosfiya, shi ne wanda muke ciki. A nan ake hadari da ruwa da hazo da hunturu. Tsawonsa ya bambanta daga wuri zuwa wuri. A ƙuryar arewa da ƙuryar kudu ta duniya bai wuce kilomita 8 zuwa 10 ba, a yankinmu kuwa yakan kai kilomita 16 zuwa 18. A cikin wannan hawa, ana ƙara yin sama sanyi na ƙaruwa, da kimanin digiri 6.5 a kowace kilomita. Shi ya sa iska mai ɗumi ke iya tashi: muddin ta fi wadda ke kewaye da ita ɗumi, to ba ta kai ta nauyi ba, sai ta yi ta hawa.

Hawa na biyu, wato sitiratosfiya, ya kama daga nan har zuwa kimanin kilomita 50. Can lamarin ya juya. Ana ƙara yin sama ɗumi na ƙaruwa, saboda iskar ozon da ke wurin tana shanye kaso mafi ƙuna na hasken rana. Iskar da ta taso daga ƙasa, in ta iso bakin wannan hawa, sai ta tarar da wadda ta fi ta ɗumi a samanta, hawanta ya tsaya. Ke nan tsakanin hawa biyun akwai rufi, ko da yake ido ba ya ganinsa. Duk wanda ya taɓa tsayawa ya kalli babban hadarin gabas a watan Agusta, ya ga kansa ya baje ya yi faɗi, to rufin nan ne hadarin ya ci karo da shi.

Ku riƙe abu ɗaya daga wannan bayani. Hawa na biyu busasshe ne ƙarau, ba a ruwan sama a cikinsa. Hayaƙin da ya tsaya a hawa na farko, cikin 'yan kwanaki ko mako biyu ruwa ya wanke shi ko ya zubo ƙasa da kansa. Wanda ya ƙetare rufin kuwa ba shi da mai wanke shi. Yakan yi watanni, wani lokaci har shekara.

Yadda wuta ke haɗa hadarinta

Ba kowace gobara ke iya wannan ba. Sai abubuwa uku sun haɗu: wuta mai faɗi da ke cin itace mai yawa a lokaci guda, iska mai zafi busasshiya a ƙasa, da ɗan danshi a tsakiyar sama. Zafin wutar yana tunkuɗa iska sama da gudu. Iskar na hawa tana hucewa, har tururin ruwan da ke cikinta ya koma ɗigo-ɗigo a jikin ƙwayoyin hayaƙi, gajimare ya haɗu. Wani ɓangare na tururin nan ma daga jikin itacen da ke ƙonewa yake fitowa. Duk lokacin da tururi ya koma ruwa yakan saki zafi, zafin nan ya ƙara ingiza gajimaren sama. A can sama ɗigon ya zama ƙanƙara, ƙanƙara ta gogi juna, sai walƙiya da tsawa.

To a nan hadarin gobara ya rabu da hadarin damina. Ƙwayoyin hayaƙin sun yi yawa ainun, sai ɗan ruwan da ke akwai ya rarrabu a kansu, kowane ɗigo ya zama ƙarami ƙwarai, ba shi da nauyin faɗowa. Ga hadari ya haɗu baƙi ƙirin, ga tsawa, ga iska, amma ruwa kaɗan ne ko babu. Bahaushe ya ce gobara daga kogi maganinta Allah. Hadarin da ake sa ran ya kashe wuta shi ne ke jefa aradu a busasshen daji mai nisan kilomita gommai, sabuwar wuta ta tashi. Iskar da ke faɗowa daga cikinsa takan juya wutar ba zato ta rufe masu kashe ta. A ranar 18 ga Janairu 2003, gobarar da ta shiga Kanbera, babban birnin Ostireliya, ta haifi guguwar wuta, mutum 4 suka mutu, gidaje kusan 500 suka ƙone. A ranar 30 ga Disamba 2019 kuma, a jihar New South Wales, irin wannan guguwa ta kifar da babbar motar kashe gobara, wani ɗan sa-kai ya rasa ransa.

Tunda ruwa bai wanke hayaƙin a hanya ba, hadarin yakan kai shi har bakin rufi, in ƙarfinsa ya isa ya huda ya zuba shi a hawa na biyu.

Yadda aka gano lamarin

Shekaru da dama masana sun ɗauka dutse mai aman wuta ne kawai ke da ƙarfin huda rufin nan. Idan na'ura ta hango wata ƙura a can sama, sai a shiga neman dutsen da ya yi aman. Wani masanin yanayi a cibiyar bincike ta rundunar sojan ruwan Amurka, Mike Fromm, shi da abokan aikinsa suka bi sawun wata ƙura da taurarin ɗan'adam suka gani a 1998, sawun ya kai su ga gobarar dazuzzukan arewacin Kanada. Ba a karɓi zancen nan da nan ba. Gobarar Chisholm a lardin Alberta a watan Mayu 2001 ta ƙara masa hujja, daga baya ma aka koma tsofaffin bayanai aka ga wata ƙurar da aka ɗora wa duwatsu ashe ta gobara ce.

Sai ranar 12 ga Agusta 2017. A yini guda, haduran gobara a lardin British Columbia na Kanada da maƙwabtansa suka zuba hayaƙi da aka ƙiyasta tsakanin tan 100,000 zuwa 300,000 a hawa na biyu, kwatankwacin abin da matsakaicin dutse mai aman wuta ke yi. Wani abin mamaki ya biyo baya. Hadarin ya ajiye hayaƙin a kimanin kilomita 12, amma cikin wata biyu aka same shi a kilomita 23. Wa ya ɗaga shi? Rana. A cikin hayaƙin akwai kunkunniya, wadda ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyinsa ba. Baƙin abu yana shan zafin rana, sai kunkunniyar ta ɗumama iskar da ke kewaye da ita, iskar ta ci gaba da hawa ɗauke da hayaƙin. An ci gaba da ganin burbushinsa fiye da wata takwas.

Baƙin bazara na Ostireliya

Shekarar 2019 ta zo wa Ostireliya da zafi da fari irin waɗanda ba a taɓa aunawa a tarihin ƙasar ba. Dazuzzukanta na kudu maso gabas cike suke da bishiyar turare, irin wadda ake dasawa a nan don tare iska da hamada, ganyenta kuwa mai ne da shi, da ya ji wuta sai ya kama. Kwamitin binciken da gwamnatin ƙasar ta kafa ya bayyana cewa fiye da hekta miliyan 24 suka ƙone, mutum 33 suka mutu a cikin wutar, gidaje sama da 3,000 suka salwanta, dabbobi kusan biliyan 3 suka mutu ko suka rasa matsuguni. Masu bincike a fannin lafiya sun ƙiyasta cewa shaƙar hayaƙin kawai ta yi sanadin mutuwar fiye da mutum 400.

Wannan a ƙasa ke nan. A sama kuwa, tsakanin 29 ga Disamba 2019 da 4 ga Janairu 2020, haduran gobara suka riƙa tashi ɗaya bayan ɗaya, suka zuba hayaƙi kusan tan miliyan 1 a hawa na biyu. Ya ninka na Kanada kamar sau uku. Sararin samaniyar Niyu Zilan, mai nisan kusan kilomita 2,000, ya koma ja da rana tsaka, ƙanƙarar kan duwatsunsu ta yi launin ƙasa. Hayaƙin ya ƙetare tekun Fasifik ya isa Kudancin Amurka, cikin kimanin mako biyu ya zagaye duniya ya dawo inda ya fito.

Wani dunƙule na hayaƙin ya yi abin da ba a taɓa rubutawa ba. Zafin da kunkunniya ke tarawa ya sa ya naɗe kansa yana juyawa, faɗinsa kimanin kilomita 1,000. Masana a Faransa, ƙarƙashin jagorancin Sergey Khaykin, sun bi shi da tauraron ɗan'adam tsawon mako 13. Ya yi tafiyar kilomita 66,000, ya kuma hau har kilomita 35. Jirgin saman fasinja yawanci ba ya wuce kilomita 11 ko 12. Ke nan hayaƙin itace ya kai tsakiyar inda ozon yake.

Abin da hayaƙin ya yi a can

Na farko, ya ɗumama sama ya sanyaya ƙasa. Hasken ranar da kunkunniya ta shanye a can sama bai iso ƙasa ba. Wani bincike daga jami'ar Exeter ta Ingila ya nuna cewa ƙasan hawa na biyu ya ƙara ɗumi da kimanin digiri 0.7 a faɗin duniya, ɗumin da ba a ga irinsa ba tun 1991. A doron ƙasa kuma an sami ɗan sanyi, ƙarami ne, bai kai kashi ɗaya cikin goma na digiri ba, bai kuma daɗe ba. Kada wani ya ji haka ya ce ashe gobara na rage zafin duniya. Wutar nan ta saki iskar kabon dayokzaid fiye da tan miliyan 700. Inuwar hayaƙi ta watanni ce, kabon kuwa yakan daɗe ƙarni da ƙarni yana riƙe zafi.

Na biyu, ya ci ozon. A nan ina roƙon ku ƙara nutsuwa, domin shi ne mafi muhimmanci. Ozon shi ke tare hasken rana mai ƙuna wanda ke jawo cutar dajin fata da yanar ido, yake kuma illa ga amfanin gona. A 1985 masana 'yan Birtaniya suka sanar da cewa ozon ya yi rami a saman Antatika. Aka gano sinadaran da ake sa wa firiji da na'urar sanyaya ɗaki da gwangwanin feshi ne ke kai kulorin sama, kulorin kuma shi ke farfasa ozon. A 1987 ƙasashen duniya suka sa hannu a yarjejeniyar Montiriyal ta daina amfani da su. Yarjejeniyar ta yi aiki, ana sa ran ozon na saman Antatika zai koma yadda yake wajen 2066.

Sai dai kulorin da aka riga aka kai sama yana nan bai gushe ba. Akasarinsa a ɗaure yake cikin wasu sinadarai, musamman haidurojin kuloraid, inda ba ya iya ɓarna. Abin da aka sani a da shi ne, ba ya kwancewa sai a jikin wasu gizagizai da ke haɗuwa a tsananin sanyin Antatika, wajen digiri 78 ƙasa da sifiri. Wadda ta fara bayyana wannan a 1986 ita ce Susan Solomon. Ita ce kuma, bayan shekara 37, ta jagoranci binciken da aka buga a mujallar Nature a 2023, wanda ya nuna cewa ƙwayoyin hayaƙin gobara suna iya narkar da haidurojin kuloraid a jikinsu ba tare da wancan tsananin sanyi ba, kulorin ya kwance ya koma cin ozon. Sun ƙiyasta cewa ozon ya ragu da kashi 3 zuwa 5 cikin 100 a saman yankunan Ostireliya da Niyu Zilan da kudancin Afirka da Kudancin Amurka, ramin Antatika kuma ya ƙara faɗi a 2020 da murabba'in kilomita miliyan 2.5. Wannan ya fi faɗin Najeriya da Nijar a haɗe. Ku dubi yadda abu biyu suka taru: dafin da aka zuba a sama tun zamanin iyayenmu, da wutar da zafin zamaninmu ke rurawa. In irin wannan gobara ta yawaita, warkewar ozon za ta iya jinkirta.

Na uku, ya taɓa teku. Hayaƙin da ya bi ta hawa na farko ya zubar da toka mai sinadarin ƙarfe a tekun kudu, ƙananan tsirran ruwa suka samu taki suka yaɗu a fili mai girman gaske. Sannan a 2023 John Fasullo da abokan aikinsa a cibiyar binciken yanayi ta Amurka da ke Kolorado suka nuna, ta hanyar lissafin kwamfuta, cewa hayaƙin ya ƙara wa gizagizan da ke gaɓar Peru haske, suka mayar da hasken rana sama, ruwan tekun ya huce. Hucewar wannan sashe na Fasifik shi ake kira La Nina. Ta fara a 2020, ta yi shekara uku a jere, abin da ba kasafai ake gani ba. Masu binciken ba su ce gobarar ce kaɗai ta haddasa ta ba, sun ce ta taimaka wajen tunkuɗa ta. A waɗannan shekaru ne damina ta gaza sau biyar a jere a Somaliya da sassan Habasha da Kenya.

Gobara da dutse mai aman wuta

Domin kada mu zuzuta, bari mu auna. Dutsen Pinatubo a Filifin, da ya yi aman wuta a watan Yuni 1991, ya jefa iskar farar wuta kimanin tan miliyan 15 zuwa 20 a hawa na biyu, ya rage zafin duniya da kusan rabin digiri na shekara ɗaya zuwa biyu. Gobarar Ostireliya ba ta kama ƙafarsa ba. Amma akwai bambanci biyu. Ƙurar dutse fara ce, mayar da haske take yi, hayaƙin gobara kuwa baƙi ne, shan zafi yake yi yana ɗaga kansa. Sannan dutse ba ya jiran fari ko zafi kafin ya yi aman, ɗan'adam ba shi da hannu a ciki. Gobara kuwa tana bin zafi da fari, su kuma suna ƙaruwa. A 2023 kimanin hekta miliyan 15 suka ƙone a Kanada, aka ƙirga haduran gobara fiye da 100 a kaka ɗaya, hayaƙi ya mai da samaniyar birnin New York launin lemo a watan Yuni.

Ba kuma kowane baƙin hayaƙi ke huda rufi ba. A 1991 an cinna wa rijiyoyin mai fiye da 600 wuta a Kuwaiti, wasu masana suka yi fargabar duhun zai shafi duniya. Hayaƙin ya tsaya a hawa na farko, ɓarnarsa ta taƙaita a yankin. Abin da ke kai hayaƙi sama shi ne hadari. Wannan ne ma ya sa masu nazarin yaƙin nukiliya suka zuba wa gobarar 2017 da ta 2020 ido. Tun farkon shekarun 1980 ake hasashen cewa in manyan birane suka ƙone, kunkunniyarsu za ta hau sama ta tare rana, noma ya gagara. Gobarar daji ta tabbatar da wani sashe na hasashen: lallai hayaƙi yana ɗaga kansa, yana kuma daɗewa.

Ina ruwanmu?

Wani zai ce, Malam, mu ma ai muna ƙona daji. Haka ne. Hotunan tauraron ɗan'adam sun nuna kimanin kashi 70 cikin 100 na filin da ke ƙonewa a duniya kowace shekara a Afirka yake. Amma wutarmu ta ciyawa ce da kara, takan ci da sauri ta mutu, ga rufin samanmu ya fi nisa, ga iskar hunturu ba danshi. Da wuya ta haɗa irin wancan hadari. Hayaƙinta a ƙasa yake tsayawa, ya gauraya da hazo, ya shiga ƙirjin yara da tsofaffi, ya kuma bar gona tsirara. Wannan ma ya ishe mu dalilin rage ƙona daji don farautar gafiya ko sharar gona.

Inda na sama ya shafe mu shi ne damina. Ruwan da muke nomawa da shi yana zuwa ne da wani zirin hadari da ke hawa arewa a bazara ya koma kudu da kaka, zirin nan kuma yana karkata ne zuwa rabin duniyar da ya fi ɗumi. Idan ƙura ta sanyaya rabin arewa, sai ya ƙi hawowa sosai, Sahel ta bushe. Bincike ya danganta wani ɓangare na farin shekarun 1970 da 1980 da hayaƙin masana'antun Turai da Amurka, kuma mummunan farin 1983 da 1984 ya zo ne bayan aman dutsen El Chichon na Meziko a 1982. Manyan dazuzzukan da ke ƙonewa yau, na Kanada da Sibiriya, a rabin arewa suke. Manomin Daura da na Maraɗi suna da haƙƙin a sa ido a kan wannan.

Kammalawa

Jama'a, taƙaitaccen zancen shi ne: babbar gobara tana haɗa hadari, hadarin yana kai hayaƙi inda ba ruwan da zai wanke shi, hayaƙin yana ɗumama sama, yana cin ozon, yana kuma iya karkatar da iska da damina a ƙasashen da ko ƙaurin wutar ba su ji ba. Zafin duniya na ƙara gobara, gobara na ƙara kabon, kabon na ƙara zafi.

Kirana na farko ga hukumomi ne. Yarjejeniyar Montiriyal ta nuna cewa ƙasashe na iya haɗa kai su gyara sama, saboda haka a riƙe ta da kyau, a hana shigo da tsofaffin firiji da na'urorin sanyaya ɗaki masu haramtattun sinadarai, a kuma ba hukumomin hasashen yanayi kayan aiki da ma'aikata. Kira na biyu gare ku ne, ɗalibai. Yawancin bayanan da aka gano duk wannan da su, hukumar NASA da takwararta ta Turai sun sa su a intanet kyauta. Wanda ya iya lissafi da kimiyyar sinadarai, ya kuma iya sarrafa kwamfuta, zai iya zama a Kano ko Zariya ko Yamai ya bincika yadda hayaƙin arewa ke shafar daminar Sahel. Tambayar tamu ce, gonakin namu ne, ya kamata a samu 'ya'yanmu cikin masu amsa ta.

 Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu daga gobara.